Gishirin da Ya Daskare a Buhu

Ƙarfe uku da minti ashirin na yammacin wata Alhamis iska ta ɗage kwano biyu daga rufin ɗakin da Baba yake ajiye gishiri. Na riƙe lokacin ne saboda ina zaune a ƙofar ɗakin Inna ina bitar darasi, agogona a kan littafi, ina auna tsawon lokacin da shafi ɗaya yake ci mini. Kafin mu nemo leda ruwa ya sauko. Minti arba'in ya yi yana zuba a kan buhu tara.

A Bakura muke. Sana'ar Baba gishiri ce, farin nan mai laushi na miya. Yana saro shi buhu-buhu, ya kasa a kasuwar garinmu, ya kai Mafara ranar Talata, wani lokaci ya wuce Maradun inda ƙanwarsa take aure. Ni kuma ina shekara ta biyu a wata makaranta a Mafara, ina koyon aikin ɗakin gwaje-gwaje. Hutun mako biyu ne ya kawo ni gida.

A zangon da ya wuce ne aka koya mana abin da ke sa gishiri da sukari da takin zamani su dunƙule. Malaminmu ya ce mutane suna ɗora wa ruwa laifi, alhali bushewa ce ke ɗaure su. Ruwa narkar da bayan kowace ƙwaya kawai yake yi, ruwan gishirin ya taru a inda ƙwaya ta taɓa ƙwaya. Idan ya bushe a haka, gishirin da ya narke sai ya sake fitowa a daidai wurin, ya liƙe ƙwayoyin kamar an yi musu walda. Gwargwadon laushin gishiri, gwargwadon yawan wuraren da yake taɓa juna, gwargwadon taurin da zai yi. Muna da rariya biyar a ɗakin gwaje-gwaje da ake ɗora su kan juna, mai manyan ƙofofi a sama, mai ƙanana a ƙasa. Mu zuba, mu girgiza na minti goma, mu auna abin da ya tsaya a kan kowace. Ni ce na fi kowa maki a wannan darasin. Na faɗi haka ne don a san cewa abin da ya biyo baya ba rashin sani ba ne.

Ranar Juma'a rana ta fito da ƙarfi. Baba ya fitar da buhunan tsakar gida yadda suke, a ɗinke, ya jera su biyu-biyu, wani kan wani. Ranar Asabar da ya ga sun fara tauri daga waje, ya kwance huɗu, ya sa Inna ta ba shi turmi, ya daka su har suka koma gari. Ya mayar da garin cikin buhu da sauran danshinsa da ɗuminsa, ya danna da ƙafa, ya ɗinke, ya sake jerawa a rana.

Ina kallo daga inuwar zogale. Na san kamata ya yi a baje shi a tabarma, a riƙa juyawa har ya bushe, a bari ya huce, a tankaɗe, sannan a ɗura. Sau biyu na buɗe baki. Baba ma ya ba ni hanya da kansa, yana share gumi ya ce, "Malama, boko bai ce komi ba bisa gishiri?"

Inna ta yi dariya ta ce, "Bar ta, ita da takarda suka magana."

Na sunkuyar da kai na yi murmushi. Tun ina ƙarama ba na iya gyara wa babba magana. Mutumin da ya shekara talatin yana sayar da gishiri, ni ce zan ce masa ya yi kuskure a gaban matarsa?

Ranar kasuwar Maradun muka ɗauki buhu huɗun nan da aka daka, don su ne Baba yake ganin ya gyara. Na bi shi ne in gaishe da Gwaggo, ƙanwar tasa. Muka sauka Mafara muka canja mota, wata buɗaɗɗiya da ta ɗauko mu mu goma sha ɗaya da kaya.

A 'yan shekarun nan duk wanda ke bin hanyar ya san akwai shinge kafin a shiga gari. 'Yan sa-kai ne suke tsare shi, mutanen gari da ƙauyuka da suka ɗauki bindigar toka da adda saboda ɓarayin daji. Suna da abubuwan da suka hana a wuce da su, waɗanda suka ce 'yan daji ake kai wa: fetur a jarka, burodi mai yawa, da kantu. Kantu shi ne dunƙulen gishirin da ake ajiye wa shanu su lasa. 'Yan daji suna da shanun da suka kora daga hannun mutane, kuma shanu ba sa zama ba gishiri. Saboda haka duk wanda aka kama da kantu a hanyar, an kama mai ciyar da su ke nan.

Wajen sha ɗaya da rabi muka iso. Wani dogo mai tabo a haɓa ya hau bayan motar da tsinken ƙarfen da suke soka wa buhu don neman bindiga. Ya soka buhun masara, ya shige. Ya soka na albasa. Ya zo kan namu ya soka, ƙarfen ya yi ƙara ya dawo. Ya sake sokawa da hannu biyu.

"Kayan wa na wanga?"

Baba ya ce, "Nawa na, ɗana. Gishiri na."

Dogon ya turo buhun ƙasa da ƙafa. Bai faɗi kamar buhu ba, ya faɗi kamar dutse. Ya zare adda ya tsarge shi daga sama har ƙasa, ya yaye ledar. Gishirin ya tsaya a kan kwalta, guda ɗaya, fari fat, ko ƙwaya ba ta zube ba.

"Kantu!"

Kalmar ba ta gama fita bakinsa ba aka fizgo Baba daga mota ta wuyan riga. Ya faɗo da gwiwa. Ya ɗaga hannu yana cewa, "Ku tsaya, ruwa na yat taɓa shi," wani ya buga masa gindin bindiga a baki. Na ji ƙarar haƙori. Hularsa ta gangara ƙarƙashin mota. Suka taru a kansa su biyar ko shida, da sanda, da dorina, da takalmi. Dogon yana dukansa yana tambaya, "Wa kaka kai ma? Wane daji? Faɗi sunanshi!" Ba ya jiran amsa. Jinin Baba ya fantsama a kan gishirin, ina kallon yadda farin yake shanye shi.

Na diro na riƙe hannun ɗaya daga cikinsu. Ban san lokacin da na yi ba. Ya juyo ya kwaɗa mini mari da bayan hannu, kunnena na hagu ya ɗauke, na zauna a ƙasa. Fasinjojin duka sun kau da kai. Wani dattijo da muka taho muna hira da shi tun daga Mafara, wanda ya san Baba da sana'arsa, ya zuba ido a kan yatsun ƙafarsa. Aka sauke sauran buhunanmu uku, aka ce wa direba ya ja mota, ya ja.

Suka ɗaure hannayen Baba ta baya da igiyar da ake ɗaure kaya, suka ja shi a ƙasa zuwa wani gini mara fenti a bayan rumfarsu. Ƙafarsa ta dama tana bin ƙasa a karkace. Aka rufe ƙofa.

Na hau mashin zuwa gidan Gwaggo. Tana tsakar gida tana wanke shinkafa. Na kasa haɗa magana, sai cewa nake, "Sun ce kantu ne, sun ce kantu ne." Da ta gane, ta tsame hannu ta jawo mayafi. A nan ne wani abu ya faɗo mini, na ce ta ba ni rariyarta ta gari, da ta waya mai manyan ƙofofi da take tankaɗe tsaki da ita, da faifai biyu, da taɓarya, da kofin gilashi biyu.

"Ubanki na hannun mutane, ke kina batun rariya?"

"Gwaggo, don Allah."

Ta dube ni, ta shiga madafa ta kwaso.

A hanya ta gaya mini wanda za mu tarar. Shugabansu manomi ne daga wajen Tsibiri, 'yan daji sun harbe 'ya'yansa biyu a gona rana ɗaya. Ta ce, "Ba ya dariya, amma shina saurare. In kin ga ya yi shiru, ki ci gaba."

Mun same shi zaune a benci ƙarƙashin rumfa, gajere, da furfura a gemu, bindiga a kan cinya. Buhunanmu huɗu duk an tsarge su, an jera dunƙulen a gabansa. Daga cikin ginin ana jin saukar dorina da wani sauti da ban taɓa jin Baba ya yi ba. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, ta tambayi ruwa, bai tsallake ko ɗaya ba wajen amsawa, dukan kuma bai tsaya ba. Sannan ta ce, "Wanda kunka kama yayana na. Wagga ɗiyatai ta. Tana da magana."

Na durƙusa na nuna gefen dunƙule ɗaya da yatsa.

Na ce wa shugaban, "Baba, a duba nan."

Saƙar buhu ta fito a jikin gishirin layi-layi. A wani gefen har jan rubutun buhun ya kwanta a kai. Na ce, "A cikin buhun ya daskare. Da kantu aka zuba a buhu, da ba zai ɗauki zanen buhu ba."

Dogon mai tabo ya fito daga ginin da dorina a hannu, yana haki. Ya ce, "Ji mini 'yar boko. To ba sai a yi shi cikin buhu ba don a ɓad da sawu?"

Shugaban ya juyo yana kallona. Na tambaya ko suna da kantu na gaske. Suna da shi, wanda suka ƙwace a baya, a jibge a gefen rumfa. Na ɓalli guntu daga nasu, na ɓalli guntu daga namu, kwatankwacin juna. Na murƙushe kowanne daban a kan faifai da kan taɓarya, bugu ashirin-ashirin, ina ƙirgawa a fili don kada a ce na fifita wani.

Na ɗora rariyar waya a kan ta gari, na zuba nasu na girgiza. Tsakuwa da burbushin ƙasa da manyan ƙwayoyi masu ruwan toka suka tsaya a ta sama. Matsakaita suka tsaya a ta ƙasa. Kaɗan ne ya sauka faifai. Na kakkaɓe, na zuba namu. Ta sama ba ta riƙe komai ba. Ta ƙasa ta riƙe ɗan abin da bai cika cokali ba. Saura duk ya zubo kamar garin tuwo.

Ina cikin haka aka ji wani abu ya bugi ƙofar ginin daga ciki, da ƙarfi, sai Baba ya kira sunan Allah sau ɗaya ya yi shiru. Gwaggo ta miƙe. Wani ya nuna ta da bakin bindiga, ta koma ta durƙusa. Ni ban ɗaga kai ba. Na san idan na ɗaga ba zan iya ƙarasawa ba.

Na zuba ruwa a kofi biyu, na sa cokali ɗaya na kowanne na juya. Nasu ya yi duhu, yashi ya kwanta a gindi. Namu ya narke tas, ana hango rumfar ta cikinsa.

Shugaban ya ɗauki kofin ya ɗaga, ya ajiye. Ya ce, "Na ga ba iri ɗaya ba na. Amma gishirin miya ba ya zama dutse don kainai. Matata na aje shi shekara, bai zama ba. Wani yam mai da shi haka, kuma da nufi."

Na ce, "Babana ne ya mai da shi haka. Amma ba da nufi ba. In an ba ni awa ɗaya zan yi irinsa a gabanku."

"In bai yi ba fa?" in ji dogon.

Shugaban ya ce, "A dakata da tsohon." Dogon ya tsaya kamar bai ji ba. Shugaban ya maimaita ba tare da ya ɗaga murya ba, sannan dogon ya leƙa ciki ya faɗa. Dukan ya tsaya. Shirun da ya biyo baya ya fi dukan tayar mini da hankali, don ba na jin ko nishi.

Akwai mai shayi a tsallaken titi. Na roƙi gwangwanin madara wanda ba komai ciki, da murfin tukunya. Na ɗebi garin gishirin da ya sauka faifai, na yayyafa masa ruwa da yatsu har ya yi danshi, na raba biyu. Rabi na ɗura a gwangwani na danna da babban yatsa, kamar yadda Baba ya danna da ƙafa. Rabi na baje a murfin tukunya. Na ajiye duka biyun a gefen murhun mai shayi, inda zafi yake kaiwa ba wuta ba. Na tsuguna ina juya na murfin da cokali, na gwangwani ban taɓa shi ba.

A cikin wannan awar sun tare motoci bakwai. A ta biyar suka sauko da wani mutum mai jarka biyu da ya ce man injin ban-ruwa ne. Suka kwantar da shi a kwalta a gabana, taku goma tsakaninmu, suka yi ta dukan tafin ƙafarsa da gora har gorar ta tsage. Matarsa tana cikin motar da jariri tana cewa, "Ku tambayi mai unguwa, ku tambayi mai unguwa." Na ci gaba da juya gishiri. Mai shayi yana ta goge kofi ɗaya tun da aka fara.

Dogon ya tsallako sau biyu ya tsaya a kaina. A na biyun ya sa bakin dorinar ya ɗaga haɓata, jinin da ke jikinta ya shafe ni. Ya ce, "Miyar ba ta nuna ba, uwar gida?" Wasu suka yi dariya. Gwaggo ta ce daga inda take, "Kai, uwarka ma haka taka dahwa ta, ka ci ka girma." Na ɗauka zai kai mata duka. Ya dube ta, ya tofar da yawu, ya koma.

An kira azahar an idar kafin na ga saman gwangwanin ya yi fari ya bushe. Na ƙara minti goma sha biyar don cikin ma ya bushe. Na naɗe shi a gefen hijabina na kai gaban shugaban tare da murfin. Na karkata murfin, gishirin ya zubo wara-wara kamar yashi. Na kife gwangwanin a benci na buga gindinsa. Bai fito ba. Na sake bugawa. A na uku ya faɗo, dunƙule guda, da zanen gindin gwangwani a kansa.

Shugaban ya ɗauka ya matsa da yatsu. Ya matsa da tafin hannu. Ya miƙa wa dogon, shi ma ya matsa, gefe ɗaya ya ɗan ɓalle, sauran ya tsaya.

Na ce, "Gishiri ɗaya ne, ruwa ɗaya, wuta ɗaya. Wannan an juya shi, wannan an danne shi an bar shi."

Dogon ya jefar da dunƙulen a ƙasa. Ya ce, "To na ji. Ke mai ilimi, in tambaye ki. In aka kai wanga buhu daji aka aje gaban saniya, tana lasa ko ba ta lasa?"

Gwaggo ta taɓa ƙafata ta baya. Na gane abin da take nufi. Amma duk wanda ke wurin ya taɓa kiwo, kuma shugaban ni yake kallo.

Na ce, "Tana lasa."

"Kun ji!"

Gwaggo ta miƙe tsaye, wannan karon ba ta damu da bindigar ba. Ta ce, "Tana lasa mana! Ta lashi na ɗakina, ta lashi na ɗakin matarka. Sai ku bi gida-gida ku ɗaure duk macen da ta aje gishiri Maradun. Kantu kunka hana. Kun ga kantu?"

Shugaban ya daɗe yana kallon dunƙule huɗun, musamman wanda jini ya yi wa ja. Ya juyo gare ni.

"Kin ce kin san haka za ya zama?"

"Na sani."

"Kina gida sadda yad danne shi?"

"Ina gida."

"Ba ki hwaɗa mai ba?"

Na girgiza kai. Ya tashi ya rataya bindiga, ya shiga ginin shi kaɗai, ya turo ƙofa. Muka tsaya a rana. Na tambayi wanda ke kusa da ni ko Baba yana da rai, ya kau da kai. Na tambayi wani, ya ce shi yanzu ya zo. Na tambayi dogon. Ya zauna a benci yana naɗe dorinarsa a hannu, bai dube ni ba.

Da shugaban ya fito, hannun rigarsa da jini, yana riƙe da igiyar da aka ɗaure Baba da ita. Na tare shi tun kafin ya kai rumfa, na manta da durƙuso.

"Babana yana da rai?"

Ya ce, "Shina da rai, ya sha ruwa. Ki nemo mota, ba mashin ba, ƙahwar ta karye wuri biyu. Kuma ya ce ki wanke fuskarki kahin ki shigo."